Shin LibreOffice za ta iya maye gurbin Word da Excel a shagunanmu da makarantunmu na Legas?

Tambayar tana yawan tasowa a shagunan buga takardu na Agege da Idi-Araba, da ofisoshin makarantun Islamiyya, da wurin yaran da ke riƙe wa diloli lissafi a kasuwar Mile 12: idan da gaske akwai manhajar da ke yin aikin Word da Excel kuma ba a biyan ko kwabo, me ya hana kowa komawa kanta? In kuwa tana da aibu, a ina yake? Bahaushe dai ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, saboda haka da yawa suna jin "kyauta" sai su ja da baya.

Abubuwa biyu ne suka sake tayar da maganar. Na farko kuɗi: kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500, kuma duk abin da farashinsa ke bin dala ya bi ta sama. Shi kansa Microsoft ya ƙara kuɗin Microsoft 365 na mutum ɗaya a Amurka daga kimanin dala 70 zuwa 100 a shekara a Janairun 2025. Na biyu, ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya daina tallafa wa Office 2016 da Office 2019, rana ɗaya da Windows 10. Suna nan suna aiki, amma ba za a ƙara toshe musu ɓarakar tsaro ba. Ai kuwa su ne a kan da yawa daga cikin kwamfutocin tokumbo da ake saya a Computer Village da Alaba.

"Kyauta" daban, "buɗaɗɗen tushe" daban

A nan aka fi cakuɗa abubuwa. Mai magani zai iya ba ka ƙulli kyauta amma ya ɓoye haɗin. Haka WPS Office take, ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, wadda ke cikin wayoyin mutane da yawa: ba ka biya ba, amma ba ka san me aka zuba a ciki ba, kuma a kan talla da sayar da ƙarin ayyuka kamfanin ke cin abinci. Google Docs ma kyauta ce amma rufaffiya ce, kuma takardunka suna zaune ne a ma'ajiyar Google.

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka ba ka maganin aka kuma ba ka haɗin. Ainihin rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba. Lasisinta ya yarda ka ɗora ta a kwamfuta ɗaya ko ɗari, a gida ko a wurin sana'a, ka kwafa wa maƙwabcinka a filashi, ba ka karya dokar kowa ba. Babba a wannan gida ita ce LibreOffice. Writer ke tsayawa a matsayin Word, Calc a matsayin Excel, Impress a matsayin PowerPoint. Akwai kuma Draw na zane, Base na rumbun bayanai, da Math na rubuta alamomin lissafi. Sai ONLYOFFICE ta wani kamfani da ke Riga a ƙasar Latbiya, wadda fuskarta ta fi kama da Office na zamani. A waya kuma akwai Collabora Office, wadda aka gina a kan LibreOffice.

Mutane kan tambaya, to wa ke biyan masu rubuta ta? Wasu 'yan sa-kai ne, wasu kuma ma'aikatan kamfanoni ne irin su Collabora da ke samun kuɗi daga manyan hukumomin da ke biyan kuɗin kulawa da gyara. Gidauniyar da ke riƙe da ita kuma tana karɓar gudummawa.

Asalinta, da sunan da ke ruɗar mutane

Tushenta StarOffice ce, ta wani kamfanin Jamus. Sun Microsystems ya saye shi a 1999, ya buɗe tushen manhajar a 2000 da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya haɗiye Sun a 2010, akasarin masu aikin suka ɓalle suka kafa The Document Foundation, mai mazauni a Balin, suka ci gaba da sunan LibreOffice. Oracle kuma ya miƙa tsohon sunan ga gidauniyar Apache a 2011.

Amfanin wannan tarihi ga mai shago ɗaya ne: har yau wasu masu gyara suna ɗora OpenOffice don sunan da suka sani ke nan. Rabon da ta fitar da babban sabon zubi tun 2014, sai 'yan ƙananan gyare-gyare, kuma ba ta iya adana takarda a tsarin docx na Word. Wanda aka ɗora wa ita ya sha wuya zai tafi yana cewa manhajar kyauta ba ta da kyau, alhali ba wadda ta dace aka ba shi ba. LibreOffice tana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, Fabrairu da Agusta, kuma tun 2024 lambarta ke nuna lokacin: 24.8 na nufin Agustan 2024.

Da me ake kwatanta ta a zahiri?

A takarda, muhawarar tsakanin ta kuɗi ce da ta kyauta. A Legas kuwa, in za a faɗi gaskiya, tsakanin kirak, wato manhajar kuɗi da aka kunna ta ɓarauniyar hanya, ce da ta halak. Mutum ya sayi laftof a titin Otigba na Computer Village, aka ce "mun saka maka komai", ya tafi da Office ɗin da ba a biya ba, sau da yawa bai ma sani ba.

Ga yadda abin ke aiki. Microsoft yana da tsarin da manyan kamfanoni ke kunna kwamfutocinsu da yawa daga uwar garke guda, kuma kunnawar tana ɗaukar kwana 180 kafin a sabunta. Masu kirak suna dasa wata 'yar manhaja da ke kwaikwayon wannan uwar garke a cikin kwamfutarka. Kafin ta zauna sai an kashe Windows Defender ko an ce masa ya kau da kai, sannan a ba ta cikakken iko a kan na'urar. Wato ka kori maigadi, ka miƙa wa baƙon da ba ka san asalinsa ba makullin gida. An sha gano kwafen irin waɗannan manhajoji ɗauke da ɓarayin kalmar sirri. Ga shagon da mutane ke kawo takardar NIN, fasfo da bayanan banki a buga musu, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya karɓa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ita ma ta haɗa da manhajar kwamfuta.

Ko ba a yi maganar ɓarayi ba, akwai jan layin nan da ke fitowa a sama yana cewa ba a kunna manhajar ba, daga nan maɓallan gyara su dushe, daidai lokacin da kwastoma ke tsaye a kanka.

Masu biya ma akwai abin da ya kamata su sani. Microsoft 365 haya ce: ka daina biya, za ka iya buɗe takardunka ka buga amma ba za ka gyara ba, kuma tana son ta taɓa intanet kusan sau ɗaya a wata don ta tabbatar da lasisi. Tsarin iyali na mutum shida, wanda wasu ke haɗa kuɗi su saya, lasisinsa na amfanin gida ne ba na kasuwanci ba. Wanda ke son saye sau ɗaya akwai Office 2024, na kwamfuta guda, da tallafi har 2029.

Me ya sa takarda ke wargajewa idan aka buɗe ta a wani wuri?

Wannan shi ne babban ƙorafi, kuma yana da tushe. LibreOffice tana da nata tsarin adana fayil, ODF, wanda ya zama ma'aunin duniya a 2006. Shi ne odt da ods da odp. Microsoft kuma tun Office 2007 yana amfani da docx da xlsx da pptx. Duk lokacin da Writer ta buɗe docx, tafinta take yi daga wani harshe zuwa nata, in za ta adana ta sake mayarwa. Wasiƙa, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa, rasit, duk suna wucewa lafiya. Inda tafinta ke tuntuɓe shi ne takarda mai akwatunan rubutu da aka jibga kan hoto, tebur a cikin tebur, zanen SmartArt, da fom ɗin da aka kulle.

Sai dai kaso mai yawa na wargajewar ba laifin manhajar ba ne. Ɗauki ɗalibar da ta kawo kundin bincikenta mai shafi 80 shagon buga takardu a Akoka. An buɗe, sai ga shi ya zama shafi 83, kan babi na uku ya faɗo tsakiyar shafi, teburin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa. Mai shago ya danna alamar ¶ da ke nuna ɓoyayyun alamomi, sai gaskiya ta fito: duk inda take son sabon shafi, Enter ta yi ta dannawa sau goma sha biyar, duk inda take son rubutu a tsakiya, da tazara ta tura shi. Irin wannan takarda ko daga Word zuwa wani Word aka kai ta, in firinta ko salon harafi ya bambanta, za ta zame. Maganinta Ctrl da Enter don sabon shafi, da amfani da Heading 1 da Heading 2 ga kanun babi, yadda teburin zai gina kansa.

Abu na biyu salon harafi. In takarda ta nemi salon da babu shi a kwamfutar, manhajar za ta sa wani a madadinsa, faɗin haruffa ya canja, layuka su zame. LibreOffice tana zuwa da waɗanda aka auna su daidai da na Microsoft: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial. A kan Windows ma ba a cika buƙatarsu ba, don na asalin suna nan. Wanda ke ba da matsala yanzu shi ne Aptos, sabon salon da Microsoft 365 ke farawa da shi, domin ba ya zuwa tare da Windows. In ka ga sunan salo a karkace a akwatin da ke sama, alama ce babu shi, an yi masa musanya.

Na uku girman takarda. Fayil da yawa suna kan Letter na Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa. A shiga Format, sai Page Style, a mayar A4 tun kafin a fara gyaran shafuka.

Dokar da ke kashe rabin rigimar: duk takardar da za a karanta ko a buga kawai, a tura ta a PDF. Akwai maɓallinsa a sama, kuma abin da ka gani shi mai karɓa zai gani. Wadda kuma wani zai gyara, a tura docx. Don kada ma'aikaci ya manta ya tura wa kwastoma odt ya kasa buɗewa a waya, a shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, sai General, a wurin Always save as a zaɓi Word ga takardun rubutu, Excel ga jadawali, PowerPoint ga na gabatarwa. Wanda kusan duk aikinsa karɓar docx ne daga waje yana mayarwa, ya gwada ONLYOFFICE. Ita da tsarin Microsoft take aiki kai tsaye, shi ya sa sau da yawa ta fi riƙe fasalin shafi, ko da yake ta fi nauyi a tsohuwar kwamfuta.

Calc da littafin lissafi

Lissafin buhun albasa nawa ya sauka, nawa aka fitar, wa ake bi bashi, kuɗin mota da na 'yan dako, ko sakamakon ɗalibai da matsayinsu a aji, duk Calc tana yi ba tare da gumi ba. SUM da IF da VLOOKUP da SUMIF sunansu ɗaya, aikinsu ɗaya. XLOOKUP da FILTER da UNIQUE sun shigo a zubin 24.8, don haka wanda ke da tsohon zubi zai ga kuskure a fayil ɗin da ya yi amfani da su.

Kurakuran da suka fi cin mutane kuwa iri ɗaya ne a Calc da Excel. Ka rubuta lambar waya mai farawa da 080, sifirin farko ya ɓace, domin manhajar ta ɗauke ta a matsayin adadi. Haka lambar asusun banki mai lamba 10 in ta fara da sifiri; ranar biyan albashi banki ya dawo da fayil. Lamba mai tsawon 16 kuma, ƙarshenta ke lalacewa, don lamba 15 kawai ake riƙewa daidai. Kafin a rubuta komai, a zaɓi layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa gaba ɗaya, a danna Ctrl da 1, a mayar da shi Text. A nan Calc ta ɗan fi sauƙi: duk lokacin da ka buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka adana a zallar rubutu, sai ta tsaya ta tambaye ka nau'in kowane layi. Kada a yi saurin danna OK. Kwanan wata ma haka: in an bar saitin ƙasa a kan Amurka, 3/4 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, kuma ba za ka lura ba sai lissafin wata ya ƙi haɗuwa.

Inda Calc ba ta kai ba shi ne fayil mai makro na VBA, wato 'yan umarnin da ake rubutawa a cikin fayil su yi aiki da kansu, irin fom ɗin da wasu bankuna, hukumomi da manyan kamfanoni ke turowa mai maɓallin da za ka danna ya tantance ya fitar da rahoto. Wasu suna aiki, da yawa ba sa yi. Power Query, kayan Excel na jawo bayanai daga wasu wurare a tace su, babu shi. Base ba ta maye gurbin tsarin da aka riga aka gina a Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft. Babu kuma takwarar Outlook, manhajar imel, a cikin kunshin. Thunderbird ake haɗawa da ita. Akawun da ke musayar irin waɗannan fayiloli kullum da wani kamfani a Apapa ko Ikoyi, ya biya lasisi ya huta.

Rubutun Hausa, Larabci da ajami

Wannan ɓangare ba a cika maganarsa ba, alhali ya shafe mu kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa suna fita ta hanyar rubuta lambar harafin sannan a danna Alt da X: U+0199 ya ba da ƙ, U+0257 ya ba da ɗ, U+0253 ya ba da ɓ, U+20A6 kuma alamar naira ₦. Ga mai rubutu da yawa wannan wahala ce. Gara a ƙara allon rubutun Hausa da ke cikin saitin harsuna na Windows. In harafin ya fito a murabba'i ko ya bambanta da 'yan uwansa, salon ne ba shi da shi. A koma Times New Roman, Arial ko DejaVu Sans. Jan layin da ke bin kowace kalmar Hausa kuma ana kashe shi ta Tools, sai Language, sai For All Text, a zaɓi None.

Ga malamin Islamiyya mai haɗa tambayoyin Fiƙihu ko Nahawu, sai an fara kunna Complex text layout a saitin harsuna a zaɓi Larabci. Daga nan Ctrl da Shift da D ke juya sakin layi daga dama zuwa hagu, Ctrl da Shift da A ya dawo da shi. Salon Amiri yana fitar da wasulla da kyau. Mai son ajami irin hannun Kano kuma akwai Alkalami na ƙungiyar SIL, shi ma kyauta.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu goyon baya suna nuna jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice, ba don kuɗi kaɗai ba, har da ƙin barin takardun hukuma a hannun kamfani guda na wata ƙasa. Masu suka kuma suna nuna birnin Munik, wanda ya shafe shekaru yana ƙaura zuwa Linux da buɗaɗɗun manhajoji, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Har yau ana gardama ko matsalar fasaha ce ko siyasa, amma ƙorafin musayar takardu da sauran hukumomi yana cikin abin da aka yi ta ambata.

A nan gida hujjar masu suka mafi ƙarfi ita ce ta neman aiki: tallan aiki Microsoft Office yake cewa, kuma da shi ake gwada mutum. Gaskiya ne. Amma yaron da ya fahimci yadda ake gina jadawali da tsara takarda, sanin inda maɓalli yake a ɗaya manhajar aikin 'yan kwanaki ne. Makarantar koyon kwamfuta mai na'ura ashirin za ta iya koyar da tushen a LibreOffice, ta ajiye biyu ko uku masu lasisi don sabawa. Akwai kuma Word da Excel na burauza da Microsoft ke bayarwa kyauta ga mai asusu, sai dai suna cin data, ga shi kuɗinta ya tashi tun ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025.

In za a gwada, ta ina za a fara?

Daga libreoffice.org kaɗai za a sauke, ba daga shafukan da ke cusa wasu tarkace ba. Fayil ɗin bai kai megabayit 400 ba, kuma sau ɗaya ake saukewa: a sa a filashi a zagaya da shi duk kwamfutocin, ba ya neman intanet ko rajista. Zubin 25.8 zuwa sama yana buƙatar Windows 10 ko 11. Mai Windows 7 iyakarsa 25.2. Ba sai an cire Office ɗin da ke kai ba tukuna, suna zama tare. A ɗauko fayiloli goma da aka fi aiki da su, musamman mafi rikitarwa, a buɗe kwafensu, a buga, a kwatanta. Abin da ya fito a wannan gwaji shi zai gaya maka ko kwamfuta nawa za su koma, ko guda nawa za a bar wa lasisi. Ma'aikacin da hannunsa ya saba da fuskar Word kuma, a shiga View, sai User Interface, a zaɓi Tabbed. Ƙorafi zai ragu sosai.

Saura maganar wuta. A wannan shafi na Load/Save akwai wurin da manhajar ke ajiye kwafen ceto duk bayan minti 10. Ga kwamfutar tebur da ba ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, a rage zuwa 3. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da an kunna za ta nuna allon dawo da takarda. A danna maɓallin dawo da takardar, kada a danna na Discard cikin gaggawa. Wani lokaci kuma bayan haka fayil zai ce wani yana amfani da shi alhali babu kowa. Ɗan ɓoyayyen fayil ne mai farawa da .~lock da manhajar ke ajiyewa kusa da takardar, wanda ba ta samu damar sharewa ba kafin wutar ta tafi. A nuna ɓoyayyun fayiloli a cikin jakar, a goge shi, takardar za ta buɗe yadda ta saba.